Cajin batir a manhajar gwajin jarrabawa: a nuna lamba ko a bar wa Windows?

Aminu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara. Ina rubuta wata manhaja da Python wadda ɗalibai za su riƙa gwajin jarrabawar shiga jami'a da ita a kan laftof, tambaya 180 cikin awa 2 kamar yadda ake yi a ta gaske. Manhajar tana cika allo baki ɗaya don kada yaro ya buɗe wani abu ya duba amsa. To da ta cika allon sai layin ƙasa na Windows ya ɓace, alamar batir ma ta tafi da shi. Yaro yana cikin amsa tambaya ba ya sanin ko cajinsa ya kusa ƙarewa. Shin in saka alamar batir tawa a cikin manhajar? In kuwa zan saka, hoto zan zana ko lamba zan rubuta, ko kuma in nuna mintocin da suka rage?

Nura:
Wa alaikumus salam. Saka lamba kawai ka huta. Tunda Python kake amfani da shi, akwai umarnin psutil.sensors_battery() da zai ba ka kason cajin, da ko caja tana jone, da daƙiƙun da tsarin yake hasashen sun rage. Yana aiki a Windows da Linux. Idan kwamfutar tebur ce marar batir zai dawo maka da None, wato babu komai, sai ka ɓoye alamar gaba ɗaya.

Hajiya Rabi:
Aminu ɗana, kafin ka saka komai ka saurare ni. Ina da wurin koyar da kwamfuta, kuma irin yaran da kake rubuta wa manhajar nan su nake zama da su kullum. Yaron da ke jarrabawa yana kallon agogo yana raguwa a gabansa, wannan kaɗai ya ishe shi fargaba. Ka ƙara masa wata lamba ita ma tana raguwa, hankalinsa zai rabu biyu. Wasu yaran da sun ga kashi 40 za su fara ɗaga hannu suna kiran malami, alhali cajin zai kai su ƙarshe har da saura. Ni a ganina batun batir aikin mai kula da ɗakin ne, ba na ɗalibi ba.

Nura:
Hajiya, da girmamawa, ɓoye wa mutum abu ba ya hana abin faruwa. In kwamfutar ta mutu a tambaya ta 150 fargabar ta fi yawa.

Hajiya Rabi:
Ban ce a ɓoye wa kowa ba, Nura. Cewa na yi a nuna wa wanda zai iya yin wani abu a kai. Ɗalibi ba shi ne zai tayar da janareta ba.

Fa'iza:
Ni aikina zana fuskar manhaja ne, bari in saka baki. Hoton batir shi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma dalilin a fili yake: alamar da ke layin ƙasa ƙarama ce ƙwarai, faɗinta bai wuce ɗigo goma sha wani abu ba a allo na yau da kullum. Ba yadda za a yi ka raba wannan ɗan fili gida 100. Shi ya sa kashi 35 da kashi 20 suke kama da juna a ido, alhali tsakaninsu akwai mintoci masu yawa.

Manyan kamfanonin ma sun sha kai da kawowa a kan wannan. Apple ta cire lambar daga saman allon iPhone X a 2017 saboda wurin ya matse, sai a iOS 16 a 2022 ta dawo da ita cikin hoton batirin. Ita kuwa Microsoft shekara da shekaru sai ka ɗora linzami a kan alamar kafin ka ga lamba. Sai a 2025 ta kawo wa Windows 11 zaɓin nuna kason a kusa da alamar, tare da launi: kore in yana caji, ruwan ɗorawa in ya yi ƙasa, ja in ya kusa mutuwa. Mutane sun daɗe suna roƙon wannan, don haka ba na shakkar cewa lamba ake so.

Abin da Hajiya ta faɗa kuma gaskiya ne, amma maganinsa yana wajen zane. Lambar ta zama ƙarama, launin toka, a kusurwar da take nesa da agogon jarrabawa. Kada ta yi walƙiya, kada ta motsa. Mai son gani ya gani, wanda ba ruwansa ba za ta ja idonsa ba. Sai ta kai matakin haɗari sannan ta canja kama.

Malam Garba:
Fa'iza, Allah ya yi miki albarka. Ina da ƙari a kan maganar launi. Akwai mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da kore sosai, kuma abin ya fi yawa a maza. A Turai ana ƙiyasta kusan namiji 1 cikin 12. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafuka sun ce kada launi ya zama shi kaɗai ke isar da saƙo. Saboda haka in ta koma ja, a haɗa da rubutu. Kuma ku tuna da mu masu tabarau, ƙaramar lamba kada ta zama ƙanƙanuwar da sai an matso da fuska.

Sule Mai Gyara:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma kowa yana magana kamar lambar nan gaskiya take faɗa. Ni da nake buɗe cikin laftof kullum a Beirut Road a Kano ina gaya muku ba kullum ba.

Yawancin kwamfutocin da ke wuraren koyarwa na hannu ne, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso nan, sannan zafin Afrilu ya ƙarasa abin da ya rage, don batirin litiyam ba abin da ke cinye shi kamar zafi. Kashi 100 da kuke gani ba kashi 100 na sabon batir ba ne, kashi 100 ne na abin da batirin yake iya ɗauka yau. Kamar randa ce da laka ta cika rabinta: ka zuba ruwa har baki, a ido ta cika, amma ruwan ciki rabi ne.

Aminu, ka buɗe wurin rubuta umarni a ɗaya daga cikin kwamfutocin ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar maka da rahoto. Ka nemi layi biyu, Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, na biyu abin da yake ɗauka yanzu. A ce na farko 48,000 mWh ne na biyu 19,000 mWh, wato wutar da za ta ba da wat 19 na awa ɗaya, to saura kusan kashi 40 na ƙarfinsa ke nan. In kwamfutar tana jan wat 10, cikakken cajinta ba zai kai awa 2 ba. In kuma ta fara jarrabawa da kashi 50, ko awa 1 ba za ta cika ba. Ta kusa da ita mai sabon batir, ita ma tana nuna kashi 50, za ta wuce awa 2. Lamba ɗaya, magana biyu.

Aminu:
Oga Sule, wannan ya buɗe min ido. To amma me ya sa wasu suke mutuwa farat ɗaya? Za ka ga tana kashi 30, sai allo ya yi baƙi ba ko gargaɗi.

Sule Mai Gyara:
Yauwa, nan ne wurin. A cikin batirin akwai ɗan ƙaramin guntun lantarki da aikinsa lissafi. Ba ya ganin cajin da ido, ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita yake yi, ya haɗa da ƙarfin bolt, sai ya yi ƙiyasi ya miƙa wa kwamfuta. Ƙwayar litiyam ɗaya tana cika a wajen bolt 4.2, tana ƙarewa a wajen bolt 3, amma a tsakiya ta daɗe tana zaune a kusa da 3.7 ba ta motsawa sosai. Saboda haka duba bolt kawai ba ya gaya maka inda kake, dole a dogara da ƙirgar. Ita kuma ƙirgar tana kaucewa a hankali, musamman in an daɗe batirin bai cika ba kuma bai ƙare ba.

Na biyu, batirin ƙwayoyi ne da aka jera, uku ko huɗu ko shida. In ɗaya ta fi sauran lalacewa, ita za ta fara faɗuwa ƙasa da iyaka, sai guntun nan ya yanke wutar duka don kare batirin, ko da lissafinsa yana cewa saura kashi 30. Windows ba ta samun damar yin gargaɗi, don galibi sai a kashi 10 take fara magana, a kashi 5 ta adana aiki ta kashe kanta. Batirin da ke yankewa a 30 bai taɓa isa wurin ba.

Wani lokaci in ka cika shi, ka bar shi ya ƙare har kwamfutar ta mutu, ka sake cikawa ba tare da katsewa ba, lissafin yana daidaita. Amma a sani lissafin ne ya gyaru, ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda kuma ya kumbura har yana ɗaga madannai, a cire shi ranar, kada a jira.

Nura:
To ai shi ke nan, a nuna mintocin da suka rage maimakon kaso. Mintoci sun riga sun ƙunshi lissafin girman batirin.

Fa'iza:
Nura, mintocin da tsarin ke bayarwa sun fi kason rawa. Ana samun su ne ta raba cajin da ya rage da wutar da ake ja a wannan lokacin. Ka ƙara hasken allo su faɗi, wani aiki ya tashi a bayan fage su sake faɗi, ya gama su yi tsalle sama. Apple ma ta cire wannan ƙiyasin daga saman allon Mac a Disamba 2016, bayan masu sabuwar MacBook Pro sun yi ta ƙorafi a kan batir, ta ce ƙiyasin ba ya daidai. Ka ɗauka yaro yana da saura minti 50 a jarrabawa, batir ya ce masa saura 45, bayan ɗan lokaci ya ce 70. Wannan shi ne ainihin abin da Hajiya take gudu.

Nura:
Cirewar da Apple ta yi ni ban yarda gyara ba ne. Mutane sun ga lamba ba ta yi musu daɗi ba, sai aka ɗauke lambar. A Linux ba a yi mana haka. A GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, ka kunna nuna kaso a saitin wuta, ko ka rubuta gsettings set org.gnome.desktop.interface show-battery-percentage true. A sauran fuskokin, KDE da Xfce da Cinnamon, duk akwai zaɓin. In kana son ɗanyen bayani ka leƙa /sys/class/power_supply/BAT0, komai yana nan a buɗe, har da ƙarfin asali da na yanzu da Oga Sule ya ambata. Tsofaffin kwamfutocin nan ma yawancinsu ba za su hau Windows 11 ba saboda sharaɗin TPM 2.0, wani guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Wato sabuwar alamar mai launi ba za ta taɓa isa gare su ba.

Malam Garba:
Nura, maganar a koma Linux mu ajiye ta zuwa wata rana, mun san matsayinka. Amma ƙarshen zancenka yana da amfani ga Aminu: kada ya dogara da abin da Windows za ta nuna, don kwamfutocin da zai tarar ba iri ɗaya ba ne.

Isuhu Maraɗi:
Ina wuninku. Ni ba marubucin manhaja ba ne, malamin lissafi ne, amma akwai abin da na lura kun tsallake. Windows ba ta san tsawon jarrabawar ba. Manhajar Aminu ta sani. Ita kaɗai ce a cikin kwamfutar ta san cewa saura minti 50 a gama. Don haka tambayar da ya kamata ta amsa ba nawa ne cajin ba, a'a, zai kai ƙarshe ko ba zai kai ba.

Kuma lissafin ba wuya. Aikin jarrabawa ba ya canjawa sosai, rubutu ne a allo da danna amsa, wutar da ake ja kusan ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Manhajar ta riƙa rubuta kason kowane minti. In cikin minti 10 ya sauka da kashi 6, to kashi 0.6 ke tafiya a minti. Saura minti 50 na buƙatar kashi 30. In abin da ke akwai ya fi haka da rata mai kyau, ta yi shiru. In ratar ba ta da yawa, ta yi magana tun yanzu, ko da lambar tana nuna 35, ba sai ta jira 10 ba. Da yake matsakaicin minti 10 aka ɗauka, ba zai riƙa tsalle irin wanda Fa'iza ta bayyana ba.

Fa'iza:
Malam Isuhu, wannan shi ne. Na janye rabin abin da na ce game da mintoci, don matsalata da ƙiyasin tsarin ce, ba da irin wannan ba. Kuma ba sai an nuna wa yaron mintocin ba, sakamakon kawai.

Sule Mai Gyara:
Lissafin Malam ya yi, sai dai ya ɗauka kwamfutar za ta kai sifili. Mai yankewa a 30 fa? A wajenta 30 shi ne sifili. Aminu, tunda manhajar tana rubuta kason kowane minti, ta ajiye shi a fayil. In kwamfutar ta mutu ba shiri, da an kunna ta duba lambar ƙarshe da ta rubuta. Wannan ita ce iyakar wannan na'urar ta gaskiya. Daga ranar sai ta riƙa lissafi daga nan. Ni yanzu da hannu nake yi, in manna takarda a bayan laftof in rubuta inda take yankewa.

Aminu:
Wannan zan iya. Sai dai in tabbatar mutuwar ta batir ce, ba wani ne ya danne maɓalli ba. Zan ce sai abin ya maimaitu a kusa da lamba ɗaya, kuma caja ba ta jone, kafin manhajar ta ɗauke shi a matsayin iyaka. Mai kula da ɗaki kuma zai iya gyarawa da hannu.

Hajiya Rabi:
To yanzu kun zo inda nake. Gargaɗin nan na "ba zai kai ba" wa za a nuna wa? Ni dai ina nan a kan bakata. In ɗaki yana da laftof 30, ina son in zauna a gaban tawa in ga jerinsu duka, kowacce da kasonta, waɗanda ke cikin haɗari su hau sama. In an ɗauke wuta, soket ɗin da ke kan inbata ba su da yawa, dole in zaɓi wadda zan fara jonawa. Yanzu zagayawa muke yi muna leƙa kan yara ɗaya bayan ɗaya, mu fitar da su daga jarrabawar don mu ga layin ƙasa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina. Kafin yaro ya danna farawa, manhajar ta duba. In caja ba ta jone kuma cajin ba zai ɗauki awa 2 ba, ta faɗa tun a bakin ƙofa. Canja wa yaro kwamfuta kafin ya fara ba komai ba ne, canja masa a tsakiya shi ne tashin hankali.

Nura:
Na yarda da jerin mai kula. Amma a bar wa yaron lambarsa shi ma. Wani zai yi gwajin ne a gida shi kaɗai, ba malami ba kowa.

Hajiya Rabi:
Na gida daban. Wannan a nuna masa komai.

Malam Garba:
Ashe kun daidaita ke nan. Zaɓi biyu, na ɗaki da na gida. Aminu, ni abin da zan roƙe ka ba na nuni ba ne. Duk amsar da yaro ya danna a adana ta nan take, tare da lokacin da ya rage masa. Duk kyawun ƙiyasinku wata rana wata kwamfuta za ta mutu ba ta gaya wa kowa ba. In an kunna, ko an koma wata, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Aminu:
In sha Allahu Malam, wannan yana ciki. SQLite, ma'ajiyar bayanai, nake amfani da shi, kowace amsa tana shiga da zarar an danna. Komawa wata kwamfutar ne sai na ƙara aiki, don sai amsoshin sun riƙa zuwa ta mai kula ita ma.

Sule Mai Gyara:
Saura abu ɗaya da zai kawo maka ƙorafi in ba ka kula ba. Wasu laftof suna da saitin tsayar da caji kafin ya cika, don batir ya daɗe. Lenovo da ASUS da Dell duk suna da shi a manhajojinsu, wasu a kashi 80, wasu a 60. Mutane da yawa suna kawo min suna cewa caja ta lalace, alhali saitin ne. Saboda haka hali uku ne ba biyu ba: yana caji, yana kan batir, da kuma a jone amma ba ya caji. Ka rubuta kowanne da kalmomi ƙarara. Akwai ma na huɗu, a jone amma kason yana sauka, wato cajar ta yi wa kwamfutar kaɗan ko jabu ce. Wannan lissafin Malam Isuhu zai kama shi in ba ka dakatar da shi don ka ga caja a jone ba.

Ga mai wuta tsayayya saitin nan alheri ne. Ga wurin da wuta ke zuwa awa kaɗan, ranar jarrabawa a kashe shi a bar batir ya cika.

Fa'iza:
A kan rubutun, Aminu, ka yi shi gajere kuma ya faɗi abin da za a yi. "Caji ba zai kai ƙarshe ba, kira malami" ya fi "batir ya yi ƙasa". Ya fito a siririn layi a saman allo, kada ya rufe tambayar, kada ya buƙaci a danna kafin a ci gaba, kuma ban da ƙara, don in kwamfuta biyar suka yi kuka lokaci ɗaya ɗakin ya rikice. Ka kula kuma da lokacin da tsarin bai san kason ba. A Windows, umarnin tambayar halin batir, GetSystemPowerStatus, yana mayar da 255 in bai sani ba, kada wannan ta fito a allo a matsayin caji. Ka sa ɗan layi a wurin, ka sanar da mai kula.

Isuhu Maraɗi:
Wasu kwamfutocinmu a nan Windows ɗinsu da Faransanci take, rahoton batirin da Sule ya ce a duba kada manhajar ta dogara da karanta kalmomin cikinsa. Ta ɗauko lambobin kai tsaye daga tsarin. Saƙonnin kuma in za a iya a saka Hausa da Faransanci a zaɓi, zan gwada da ɗalibaina.

Aminu:
Za a yi, Malam Isuhu, saƙonnin duka a fayil ɗaya suke, fassara ba za ta yi wuya ba. Abin da bai warware min ba shi ne minti 10 na farko, kafin manhajar ta tara abin da za ta yi lissafi da shi, da kuma binciken bakin ƙofa da Hajiya ta nema. Ina tunanin ta yi amfani da saurin saukar da ta gani a zaman da ya gabata a kan wannan kwamfutar. Sabuwar da ba ta da tarihi kuma ta ɗauki ƙarfin batirin na yanzu ta raba da wat 12, don a yi kuskure ta ɓangaren taka-tsantsan. Oga Sule, 12 ya yi ko in ƙara?

Sule Mai Gyara:
Ga sirara na baya-bayan nan ya yi har da rara. Tsofaffi masu kauri da fanka mai ƙara ka sa 20. Ka turo min in ka haɗa, akwai guda uku a shago masu yankewa da wuri, sai in bar ta a kansu mu ga ko za ta gano iyakarsu da kanta.

Hajiya Rabi:
Ni ma a turo min. A jerin mai kula ka sa lambar kujera, ba sunan kwamfutar ba, don da lambar kujera muke gane su.